Bayan duniya ta zama kufai: me ake sayar mana a wasannin da ke tafe?

Ranar wata Asabar da la'asar sakaliya ɗan yayata da ke karatu a Samaru ya iso gidanmu a Tudun Wada, ko ruwa bai sha ba ya miƙo mini waya. "Kawu, don Allah kalli wannan, minti biyu ne kacal." Tallan wani wasan bidiyo ne da bai fito ba tukuna. Kwalta ta tsattsage ciyawa ta tsiro a tsakani, motoci sun yi tsatsa a inda masu su suka bar su, ga wata yarinya tana jan jarka a ƙarƙashin karyayyar gada, wata murya tana magana ƙasa-ƙasa. Daga ƙarshe rubutu ya fito cewa zaɓinka ne zai tsara labarin, kuma wasan yana nan tafe. Na tambaye shi wane kamfani ne. Ya ce ai ba kamfani ba ne sosai, wasu 'yan tsiraru ne suka haɗa kai. Na mayar masa da wayar na ce, "To ka ga tsatsa, ka ga jarka. Labarin fa, a ina ka gan shi?" Ya yi dariya ya ce ni kullum sai na ɓata wa mutane jin daɗi.

Ba ɓata jin daɗi nake yi ba. Irin wannan talla ta yi yawa yanzu, kuma abin da take alkawari shi ne abin da ya fi komai wuyar cikawa a sana'ar haɗa wasanni.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar tun da wuri, domin na taɓa jin wani dattijo yana faɗa cewa yara suna wasa da tashin ƙiyama. Abin da waɗannan wasanni ke nufi da ƙarshen duniya ba Alƙiyama ba ce. Rushewar tsarin zaman mutane ce: yaƙin nukiliya, ko annoba, ko fari, ya ci gwamnati da kasuwa da asibiti, amma wasu mutane suka yi saura. Da Hausa muna da kalmar da ta dace da wannan ƙwarai, wato kufai, garin da ya tashi ya bar ganuwa da kangaye da tsofaffin rijiyoyi. Labarin na waɗanda suka rage ne a cikin kufan.

Shi kuma nau'in wasan da ake kira RPG, wasa ne na shiga rigar wani. Ba ƙwallo kake bugawa ba kamar yadda ake yi a gidajen gem na Sabon Gari, inda ake biyan kuɗi a yi minti goma a tashi. Mutum guda ake ba ka, kai za ka zaɓa masa hali: mai ƙarfin damtse ne, ko mai zaƙin baki, ko mai hannun gyaran inji. Kowace baiwa tana da lamba, kuma lambar ce ke yanke ko za ka iya fasa ƙofa, ko za ka iya shawo kan mai gadinta da magana. Asalin tsarin daga wasan tebur ne mai suna Dungeons & Dragons wanda ya fito a Amurka a 1974, ana yin sa da takarda da fensir da 'ya'yan dara masu lamba. Kwamfuta ta zo ta karɓi aikin lissafin. Masu cin gashin kansu kuwa, waɗanda ake ce wa indi, su ne masu haɗa wasa ba tare da wani babban kamfani ya zuba musu jari yana ba su umarni ba. Wani lokaci mutum goma ne, wani lokaci mutum ɗaya ne a ɗakinsa.

Me ya sa ƙananan nan suke rububin rusasshiyar duniya? Dalili na farko ba shi da wata falsafa: ta fi araha. Ka ɗauka za ka zana Kwangila da ƙarfe biyar na yamma. Tireloli, 'yan acaɓa, masu A Daidaita Sahu, 'yan talla, masu tsallaka titi, kowa sai an zana shi, an koya masa motsi, an hana shi ratsa jikin mota kamar aljani. Aikin ɗaruruwan ma'aikata ke nan. Yanzu ka ce annoba ta wuce ta wurin shekara hamsin da suka gabata. Mota ɗaya mai tsatsa za ka zana, ka juya ta ka maimaita sau talatin. Mutum shida sun isa su zama gari. Babu wanda zai tambaye ka ina sauran jama'a, labarin ya riga ya amsa. Talaucin mai haɗa wasa ya koma ado.

Dalili na biyu shi ne mai nauyi, kuma Bahaushe ya daɗe da faɗinsa: ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A duniyar da shago ke buɗe, ba wa maƙwabci kofin ruwa ba labari ba ne. A duniyar da jarka ɗaya ta rage wa mutum bakwai, kofin nan shari'a ce. Marubucin wasa yana neman yanayin da ƙaramin zaɓi zai yi ciwo, kufai kuwa yana ba shi wannan kyauta.

Wasan da ya kafa wannan turba shi ne Wasteland, na kamfanin Interplay ƙarƙashin Brian Fargo, a 1988. Faifan wancan zamani bai da wurin ɗaukar duk rubutun, don haka aka buga wani ɓangaren labarin a ɗan littafi, wasan ya riƙa cewa ka je ka karanta sakin layi mai lamba kaza. Amma abin da ya sa aka tuna da shi shi ne duniyarsa ba ta mantuwa: abin da ka ɓata ya ɓaci, ko ka bar garin ka dawo haka za ka tarar. Bayan shekara tara, a 1997, wannan kamfani ya fitar da Fallout, wanda Tim Cain ya jagoranta, kuma a nan nake so mu ɗan zauna, domin duk Bazazzagi zai gane matsalar da labarin ya fara da ita. Mutanenka suna zaune a wata mafaka ta ƙarƙashin ƙasa tun bayan yaƙin nukiliya, sai na'urar da ke tace musu ruwa ta lalace. Aka turo ka waje ka nemo wata, aka ba ka kwana 150. Kwanakin suna tafiya da gaske, ko kana neman na'urar ko kana yawon banza. A wani gari za ka tarar da 'yan kasuwar ruwa, manyan 'yan ga-ruwa ke nan masu ayari. Kana iya biyan su su riƙa kai wa mutanenka ruwa, ka sami ƙarin kwana 100. Sai dai a fitowar wasan ta farko, yin haka yana nuna hanyar mafakar, maƙiya su same ta da wuri. Wasan ba ya yi maka wa'azi a kan wanne ne daidai. Ka sayi lokaci da sirrin gidanku, ko ka riƙe sirri ka yi tsere da ƙishirwa. Kuma bayan ka gama duk wahalar ka ceci jama'arka, shugaban mafakar ya tare ka a bakin ƙofa ya ce ka sauya da yawa, ba za ka iya zama cikinsu ba, ka koma daji.

Kuɗin da ake kashewa a wasan ma marafen kwalba ne, irin waɗanda muke bi muna tsinta muna yara. Mai kallo daga nesa zai ga abin dariya, amma kakanninmu da wuri suka yi ciniki a kasuwar Zariya, shi ma ba ci ake yi ba, yarda ce kawai ta sa ya zama kuɗi. Wanda kuma ya ga farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, da kuɗinka a banki amma mai kayan miya ta ce ita tsaba take so, ya san cewa yardar nan siririn zare ce.

To ina wuyar take? Lissafi ne. Ka ba mai wasa zaɓi biyu, labari ya rabu gida biyu. Kowane reshe ka sake ba shi biyu, sun zama huɗu. Kafin ka yi haka sau goma kana da hanyoyi 1,024. Kowace hanya tana son rubutu, tana son zane, tana son a gwada ta a ga ba ta karye ba, alhali mai wasa guda hanya ɗaya tak zai bi. Wato marubuci zai kashe shekaru yana rubuta abin da yawancin masu saye ba za su taɓa gani ba. Babu ƙaramin kamfanin da zai iya wannan, manyan ma ba sa yi. Dabarar da ake yi ita ce a bar rassan su rabu kaɗan, sannan a sake haɗe su a wata mahaɗa, kamar yadda za ka shiga birni ta Ƙofar Doka ko ta Ƙofar Gayan amma duk ku haɗu a ƙofar fada. Abin da ke bambanta tafiyar shi ne ɗan abin da wasan ya ajiye a ƙwaƙwalwarsa. A cikin manhajar akwai ƙananan alamomi, kowace tana riƙe da i ko a'a: ya ba tsohuwa ruwa, bai ba ta ba; ya yi wa mai gadi ƙarya, bai yi ba. Bayan awa shida kana wasa, sai ka isa wani shinge, mai tsaron shingen ya zama jikan tsohuwar nan. Manhaja ta leƙa alamar, ta zaɓo maganar da zai faɗa maka.

Gwanintar duk tana nan, a wurin sanin wace alama za a ɗaga da kuma yaushe. Mai haɗa wasan da bai ƙware ba yakan biya ka nan take: ka yi alheri, a ƙara maka maki, a rubuta a saman allo cewa kai mutumin kirki ne. Wannan ba zaɓi ba ne, jarrabawar aji uku ce, kowa ya san amsar da malam ke so. Gwani kuwa sai ya bari ka manta. Kuma yakan haɗa ka da abu biyu da duk kake so. Akwai wani ƙaramin wasa mai suna Lisa: The Painful da ya fito a 2014, kusan mutum ɗaya ne, Austin Jorgensen, ya haɗa shi da manhajar RPG Maker wadda ɗalibi ma zai iya koya. Zanensa ba abin nuna wa baƙo ba ne, kuma ba wasan yara ba ne ko kaɗan, akwai ɗanyen abu a ciki. Amma akwai wurin da ake ce maka ko a yanke maka hannu, ko a kashe abokin tafiyarka. In ka ba da hannu, ƙarfinka a faɗa ya ragu har ƙarshen wasa. In ka ba da aboki, ya tafi ke nan. Labarin ya shiga cikin lambobin, ba a gefe yake ba. Wannan shi ne ma'aunin da nake auna duk wasan da ya ce labari ne jarinsa.

Wasu sun tafi da abin nesa. Disco Elysium na 2019, wanda wasu 'yan ƙasar Estoniya suka faro, ba na bayan nukiliya ba ne, birni ne da juyin juya hali ya ci ya bari. Amma ya nuna wa ƙananan kamfanoni cewa ana iya cire faɗa kusan gaba ɗaya a bar magana. Baiwoyin jarumin guda 24 ne, kuma kowace tana yi masa magana a ka kamar waswasi, wannan ta ce ka tambaya, waccan ta ce ka yi shiru. Rubutunsa ya kai kimanin kalma miliyan ɗaya. Tun daga nan tallace-tallace suka cika da alkawarin zurfin labari, yawancinsu kuwa sun ɗauki tsawon surutun sun bar zurfin.

Matsalar mai jira ita ce duk wannan ba ya fitowa a talla. Minti biyu suna iya nuna maka tsatsa da faɗuwar rana da kiɗa mai sa tsikar jiki tashi. Ba za su iya nuna maka ko tsohuwar da ka hana ruwa za ta dawo bayan awa shida ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Su ma masu haɗa wasan ba don mugunta suke fitar da talla shekara biyu kafin kaya ba, kasuwa ce ta tilasta musu. Babbar kasuwar wasannin kwamfuta ita ce Steam ta kamfanin Valve. Dala 100 ake biya a saka wasa, kuma a bisa al'ada kasuwar tana cire kashi 30 cikin ɗari na ciniki. Sauƙin shiga ya sa ta cika maƙil: a 2023 kaɗai wasanni fiye da 14,000 ne suka fito a can. Wanda ya fito shiru ya nutse shiru. Don haka tun kafin a gama aiki ake buɗe shafi ana roƙon mutane su danna alamar cewa suna marmarin wasan, domin ranar fitowa duk wanda ya danna za a aika masa saƙo, kuma cinikin kwanakin farko ne ke sa kasuwar ta ɗaga wasa zuwa inda ido zai gan shi. Wasu kuma sai su nemi kuɗin aikin daga masu jira. Brian Fargo ya yi shekaru yana bin manyan kamfanoni su ba shi jarin ci gaban Wasteland suna ƙi, sai a 2012 ya kai kokensa Kickstarter, shafin tara gudummawa a intanet, jama'a suka tara masa kusan dala miliyan uku, wasan ya fito a 2014. Nasa ya yi kyau. Amma wannan sayen kifi a ruwa ne, akwai waɗanda aka tara musu kuɗi aikin ya fi ƙarfinsu, akwai waɗanda suka kawo abin da bai kai rabin alkawari ba. Jinkiri kuwa ya zama ruwan dare. Chris Hunt ya shafe kusan shekara goma sha biyu a kan Kenshi kafin ya kammala a 2018, shekarun farko shi kaɗai, yana aikin gadi da dare yana ci da kansa.

A wurinmu lissafin ya fi tsanani. Lokacin da dala ta haura naira 1,500 a 2024, wasan dala 20 ya tashi kusan naira 30,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Ga kuɗin data na saukewa, ga katin banki da ni kaina ya sha ƙin wucewa a shafukan waje ba tare da an gaya mini dalili ba. Abin da ya rage mana sauƙi shi ne yawancin waɗannan ƙananan wasanni ba sa neman ƙatuwar kwamfuta, tsohuwar laftof ta ɗalibi tana ɗauka. Kuma akwai hanyar ɗanɗana miya kafin a saya. Sau uku a shekara, a Fabrairu da Yuni da Oktoba, Steam tana yin makon baje kolin wasannin da ke tafe, inda ake sakin ɗan yanki kyauta. Wanda ya saya ma yana iya neman a mayar masa da kuɗinsa in bai wuce kwana 14 ba kuma bai yi awa biyu yana wasa ba. Ga yadda ni nake gwada ɗanɗanon: in buga shi sau biyu, na farko a mutumin kirki, na biyu a ɗan iska. In mutanen garin sun yi mini magana iri ɗaya a duka biyun, na san fenti ne kawai.

Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato kufan wa ake nuna mana. Kusan kullum na Amurka ne ko na tsohuwar Tarayyar Sobiyet: gidan mai a hamada, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, allon talla da ya faɗi. Tsoron da ya haifi nau'in nasu ne, tsoron bam na zamanin yaƙin cacar baka. Kuma abin da suke ɗauka tashin hankali, babu wutar lantarki, famfo ba ya kawo ruwa, mutum ya gyara inji da waya da ƙyallen roba, mu nan abin yau da kullum ne kawai. Duk wanda ya ga kurar ɗan ga-ruwa tana hawa tudu da jarka goma sha biyu, ko ya ga yadda bakanike ke tayar da janaretan da ya kamata a ce an binne, ba za a burge shi da tsatsa ba. Ina ganin wannan ya sa mu zama alƙalai masu tsauri, domin adon ba ya rufe mana ido, dole labarin ya tsaya da ƙafarsa.

An ɗan fara juyowa. Wasu 'yan'uwa biyu daga Afirka ta Kudu, masu kamfanin The Brotherhood, sun fitar da Beautiful Desolation a 2020, suka sa rugujewar a ƙasarsu, da tsirranta da karin maganar mutanenta. A Kamaru kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016, ba na kufai ba ne, amma RPG ne da aka gina a kan tatsuniyoyin Afirka, kuma sun yi shi ne cikin ɗaukewar wuta irin tamu. Kayan aikin ma ba su ne shinge ba yanzu, injin haɗa wasa na Godot kyauta ne.

Na kan tsaya a gindin Kufena in kalli ragowar tsohuwar ganuwa in ce ga filin wasa an riga an zana. Ka ƙaddara shekara tamanin bayan komai ya tsaya. Masu riƙe da dam ɗin Kubanni su ne masu mulki, saboda ruwa. Wasu sun tare a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim suna gadin littattafan da saura mutum uku ke iya karantawa. Birni ya sake rufe ƙofofinsa da magariba kamar da. Tsohon layin dogo ya zama hanyar fatake. Tambayoyin da za su taso ma ba irin nasu ba ne. A wasanninsu jarumi kusan kullum shi kaɗai ne da karensa, ba uwa ba dangi. A namu, in ka samo buhun gero ɗaya, akwai gwaggo, akwai surukai, akwai almajiran da ke zaure, akwai maƙwabcin da ya yi wa mahaifinka sutura. Kunya kanta baiwa ce da za a ba lamba: ta hana ka faɗin wata magana a gaban babba ko da ita ce za ta cece ka. Kuma da mutum ya buɗe baki ya ce "rigana ne", mai tsaron ƙofa ya san ɗan gari ne, wanda ya ce "rigata ce" a tambaye shi daga ina.

Na faɗa wa ɗan yayata wannan duka, ya saurara yana murmushi, sannan ya ce, "Kawu, to ku rubuta mana, mu mu yi kod ɗin." Na ce masa rassa 1,024 ne fa. Ya ce ai na ce ana haɗe su a ƙofar fada.

Da daddare ya sauke ɗanɗanon wasan nasa a laftof, muka zauna a tsakar gida. Wajen minti ashirin da farawa, yarinyar mai jarka ta tarar da wani mutum kwance a gindin gada yana roƙon ruwa. Ya juyo ya kalle ni. Na ce a wannan zagayen ɗan iska muke, ya wuce kawai. Ya ɗora yatsa a kan madanni ya yi shiru, bai danna ba. Yana cikin wannan tunanin aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin kuwa ya daɗe da mutuwa.